Ƙamshin Damina a Bututun Kakata

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, akwai wata bazara da na zama mutum ɗaya tilo a duk faɗin Magarya wanda in ya ga hadari ya haɗo sai gabansa ya faɗi. Kada ku yi saurin tsine mini, jama'a. Ku bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Lokacin ina koyarwa a wata lakkol a cikin gari, ni da matata muna haya a wani ɗan gida mai bishiyar dogon yaro a tsakiya. Kakata kuwa, mahaifiyar babana, tana can ƙauyenmu, bayan Dungas, wajen Dogo-Dogo. Wurinta aka kai ni yaye, na kuma ƙi dawowa, sai da boko ya zo ya raba mu. Ita ke kirana angonta, ni kuma in ce mata amarya, ko da yake amaryar tawa ta daɗe da yin sallama da haƙoranta na gaba.

A farkon bazarar nan baffana, ƙanin mahaifina wanda take zaune a gidansa, ya kira ni a waya ya ce ƙafafun Inna sun kumbura, numfashi kuma yana yi mata gardama. Muka ɗauko ta muka kawo gidan likita a Magarya. Lokotoro ya auna ta, ya daɗe yana sauraren ƙirjinta, sannan ya ja ni gefe. Ya ce zuciya ce ta gaji. Ya ce da magani za a iya lallaɓa ta, amma kada ta yi nisa da likita, kada kuma a bar zafi ya riƙa dafa ta.

Na ce, "Lokotoro, a Magarya, cikin bazara, ina zan samo mata rashin zafi?"

Ya yi dariya ya ce shi nasa aikin ya ƙare a kan takardar magani, saura nawa.

Daga ranar na ƙudurta a raina tsohuwar nan ba za ta koma ƙauye ba. Na rasa uba da wuri, ita kaɗai ta rage mini da zan shiga ɗakinta in kwanta ba sallama. Ita kuwa tun a kan gadon likita take tambayar yaushe za a mayar da ita gida. Na san in ban sa ɗakin nan ya yi mata daɗi ba, ba ni da igiyar da zan ɗaure ta da ita.

Kilim, na'urar sanyaya ɗaki irin ta manyan ofisoshi, ya fi ƙarfin albashin mushe, wato malamin makaranta, ko da ma na saye shi kuɗin kuran, wutar lantarki ke nan, zai cinye ni da rai. Sai abokina, mai walda a bakin kasuwa, ya samo mini injin sanyi na hannu, irin mai shan ruwan nan. Akwati ne na ƙarfe, ana zuba masa ruwa, ruwan ya jiƙa wata ciyawa da ke jikinsa, fanka ta jawo iska ta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawar ta huro ta da sanyi. Matsalar ita ce ɗakin da muka ba kakata yamma yake kallo, rana na dukan bangonsa tun azahar. In aka ajiye injin a can, ruwansa zai zama na shayi. Abokina ya ce ai wannan mai sauƙi ne, a ajiye inji a inuwar dogon yaro, shi zai ƙera bututu da tol, wato kwanon rufi, ya kai iskar har ɗaki.

Ya ƙera kuwa. Guntu-guntu ya naɗe kwanon, ya zura bakin wannan a cikin wancan, muka jera shi a kan bulo yana bin gindin katanga, tashinsa daga ƙasa bai wuce gwiwa ba. Muka huda bango muka shigar da bakinsa daidai kan gadonta. Da muka gama na ja da baya na riƙe ƙugu ina kallonsa, wallahi ji nake kamar jirgin sama na ƙera.

Aka kunna. A gindin bishiya inji yana ruri kamar zai tsinke ya gudu. Na ruga ɗaki na kara tafin hannuna a bakin bututun, sai na ji wata 'yar iska kamar numfashin jariri.

"Angona," in ji kakata daga kan gado, "wannan ne sanyin da ake ta buga guduma a kansa? Ai maficina ya fi shi zuciya."

Na zargi inji, na zargi kuran, na je har rumfar abokina na zarge shi. Ya ce shi dai ya san iska ta shiga ta wannan baki, in ba ta fita ta wancan ba sai in je in tambaye ta inda ta ratse.

Kajin matata ne suka tona asirin. Wata rana na dawo hutun tsakar rana, na tarar da kakata zaune a bakin ƙofarta kan 'yar kujera tana fifita, tana murmushi ita kaɗai. Ta ce, "Zo ka gaida baƙinka." Na bi yatsanta da ido. Kaji ne sun jeru a ƙarƙashin bututun, ba a ko'ina ba, sai daidai inda guntu ya haɗu da guntu. Kowace ta tona ɗan rami ta kwanta, ta baje fiffike, ta lumshe ido, gashin wuyanta yana motsi a hankali. Har zakaran nan da ba ya iya zama wuri ɗaya ya miƙe ƙafa kamar wani attajiri bayan cin rana. Na durƙusa na sa hannu, sai ga iska mai sanyi tana tsiyaya ta kowace gaɓa. Ashe duk wahalar nan da nake sha, kaji nake yi wa hidima.

To, an gano ciwo, saura magani. Na sayo sikoci, wato salatif, na naɗe gaɓoɓin tsaf. Kafin la'asar rana ta narkar da shi, ya saki, yana reto kamar harshen kare. Na yanko tsohuwar robar cikin taya na ɗaɗɗaure, iska ta ragu da fita amma ta koma yin fito ta kusurwoyi, kaji suka ɗan matsa suka ci gaba da sha'aninsu. Abokina ya ce walda ba ta kama wannan kwano, ya yi siriri, ƙonewa zai yi. Ya ce akwai wani liƙi mai ƙyalli da ake yi don irin wannan aiki, amma sai wani ya shiga Najeriya ya samo mana.

Ana cikin haka kakata ba ta samun barci da rana, ƙafafun kuma suna nan yadda suke. Ran kasuwa baffana ya zo duba ta, ya tarar da ita jiƙe da gumi. Ya kira ni waje ya ce, "Kai, in dai zafin za ta sha, ai gara ta sha shi a gida, gindin gawonta, cikin mutanenta." Na tsaya ina kallon bututuna kamar shi zai yi magana a madadina.

Ashe tana jinmu. Ta ɗaga murya daga ciki ta ce wa baffana, "Kasuwa mai zuwa ka ɗebo mini laka a bakin tafkinmu, ta gefen da muke ɗiba in za a yaɓe rumbu. Ka haɗo da ƙaiƙayi."

Na ce, "Haba amarya, Magarya ta rasa ƙasa ne sai an yi mata dako daga ƙauye?"

Ta ce, "Ƙasarku rairayi ce, ba ta riƙe amana."

Ran kasuwa sai ga baffana da buhu a bayan moto, wato babur. Tafkin ya daɗe da ƙafewa, don haka busasshiyar laka ce ɓawo-ɓawo, baƙa, mai nauyi. Matata ta jiƙa ta ta kwana, da safe ta kwaɓa da ƙaiƙayi yadda aka umurce ta. Kakata ta sa aka kai mata kujerarta gindin katanga tun rana ba ta yi zafi ba, ta yayyaga wani tsohon zanenta, ta ce wa kaji, "Ku yi haƙuri, yau an sauke ku daga mulki."

Na ce lokotoro ya hana ta aiki. Ta ce lokotoro ya hana ta daka da ɗaukar tulu, bai hana ta wasa da laka ba. Sai na zauna ina miƙa mata tsumma.

Har yanzu ina ganin hannuwan nan. Ta fara cusa laka cikin tsagar da babban yatsa, tana dannawa har sai ta ji ta shige ciki. Sannan ta tsoma tsumman cikin ruwan laka ta naɗe gaɓar da shi, daidai yadda mata ke liƙe bakin madambaci da tukunya in za a yi dambu don kada tururi ya tsere. Sannan ta ɗora wata lakar a kai, ta jiƙa tafin hannu ta shafe sumul. In ta gama gaɓa ɗaya sai ta huta, ta mayar da numfashi, mu ja mata kujera zuwa ta gaba. Da aka zo bakin bututun da ke cikin ɗaki ta ce nan ma akwai ɓaraka tsakaninsa da bango, ta zura hannu har gwiwa ta yaɓe ciki da waje. Ta ce kada a kunna sai ya kwana ya bushe.

Washegari bayan azahar, rana ta take, ko ƙadangare ba ya motsi, na zuba wa inji ruwa na kunna. Kafin in isa ɗakin na ga labulen ƙofarta ya kumbura. Na shiga, iska ta dake ni a fuska, cikakkiya, mai sanyi, har gefen mayafinta yana kaɗawa. Na buɗe baki zan yi kirari, sai ƙamshin ya riga ni.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san shi. Ƙamshin da ƙasa ke yi in ɗigon farko ya taɓa ta bayan wata da watanni tana ƙuna. Iskar injin nan da damshi take tafiya, ta bi ta kan busasshiyar lakar da aka cusa cikin gaɓoɓi, ta tashe ta daga barci, ta kwaso ƙamshinta ta juye mana a ɗaki. Kuma ba na kowace ƙasa ba ne, na tafkinmu ne.

Kakata tana kwance idonta a rufe. Na ga hancinta ya motsa. Ta tashi zaune da wani irin sauri da na daɗe ban gani a jikinta ba, tana lalubar takalmi da ƙafa.

"An yi ruwa," in ji ta. "Ina ƙwaryar iri? Ku tashi, an yi ruwa."

Ta nufi ƙofa ta ɗaga labule. Tsakar gida fari fat da rana, kaji sun saki baki suna haki a gindin randa, ko gajimare ɗaya babu a sama. Ta daɗe a tsaye riƙe da labulen. Sannan ta dawo ta zauna a bakin gado, ta yi dariya, ta goge ido da gefen mayafi.

Ta ce, "Lakar ce, ja'ira. Ta yaudare ni kamar yarinya."

Ranar ta yi barci har sai da aka kira la'asar aka idar.

Kwanakin da suka biyo baya, in na tuna su, ban cika rarrabe wanda na gani ido biyu da wanda na gani a mafarki ba. Da dare da safe ba ma kunna inji, sai lakar ta bushe. Da azahar in an kunna sai ta sake jiƙa, ƙamshin ya sake sauka sabo. Kullum damina na faɗuwa a ɗakin nan sau ɗaya, a waje kuwa gari na ci da wuta. In na dawo daga lakkol sai in shimfiɗa tabarma a ƙasa kusa da gadonta in kwanta, labule na kumbura yana saki, rurin inji na zuwa daga nesa kamar ana ruwa a wani gari.

Ita kuma sai ta rufe ido ta yi ta magana, ba da ni ba sosai. Ta ce ga kakana can a gaba da sungumi yana sara, ita tana bin sa da ƙwarya, ta jefa iri ta rufe da diddige, ta jefa ta rufe. Ta ce ina goye a bayanta ina jan ɗankwalinta, nauyi kamar dutsen niƙa. Ta ba ni labarin yadda kwaɗi ke cika tafki da surutu daren ruwan farko, a rasa inda suka ɓuya duk rani, da yadda shinge, garar nan mai fiffike, ke fitowa yara su bi shi da kwano. Wani lokaci tsakiyar zance muryarta ke yin ƙasa ta ɓace. Wani lokaci ni ke riga ta tafiya, in ji ƙafata ta nutse cikin jiƙaƙƙen rairayi mai sanyi, in ga gonar ta miƙe ba iyaka, in farka in ga ashe tabarma ce.

Kumburin ƙafa ya saɓe. Numfashi ya daidaita. Da muka koma, lokotoro ya saurari ƙirjinta ya gyaɗa kai ya ce duk abin da muke yi mu ci gaba. Na fito ina tafiya ina jin kaina, na ce shi ke nan, na kama tsohuwa.

Ashe garin gyaran gira ne zan rasa ido. Ƙarfin da ta samu da ƙamshin da take shaƙa kullum suka haɗu suka koma abu ɗaya. Zancenta duk ya zama na gayaunarta, 'yar gonar da take nomawa da kanta tun tana amarya. In baffana ya zo sai ta tsare shi: an yi sharar gona? An kai taki? Tulun irinta yana nan a liƙe yadda ta bar shi? Wata rana na leƙa ƙarƙashin gadonta na ga ta ɗaure kayanta cikin zane, ƙulli guda, a shirye.

Daidai lokacin abokina ya aiko mini da liƙin nan mai ƙyalli da aka samo daga ƙetaren iyaka. Na juya shi a hannu, dabara ta faɗo mini. In na kankare laka na sa wannan, sanyi zai zauna, ƙamshi ya tafi, tsohuwa ta manta da gona. Haka fa na yi tunani, ni da ake kira mushe ana ba ni 'ya'yan mutane in koya musu hankali.

Da safe, ina zaton tana lazimi, na ɗauki wuƙa na tsuguna a gaɓar farko. Ban kai ga ɓantarar ko loma ɗaya ba na ga inuwa ta rufe ni.

"Me kake yi wa aikina?"

Na ce, "Gyara ne, amarya. An samo liƙi na zamani, ya fi laka ƙarko."

Ta ce, "Ƙarya kake, angona. Tun kana cikin tsumma ba ka iya ƙarya ba. Ba ƙarko kake nema ba, ƙamshin kake so ka kashe."

Na sunkuyar da kai. Ta dafa kafaɗata ta zauna a kan bulo kusa da ni, ta ɗan jima tana shafa lakar da tafin hannu.

"Mun liƙe iska ta zauna, yanzu kuma ni kake so ka liƙe," in ji ta. "To ji nan. In ka kankare lakar nan, gobe in bi motar Dungas ko da rarrafe ne. In ka bar ta, zan zauna, in sha maganinka, in yi barcina, har ranar da Allah Ya saukar da na gaskiya. Ranar kuwa, kai da kanka za ka kai ni."

Na ce, "Lokotoro ya ce..."

"Lokotoro ya ce zuciyata ta gaji. Bai ce ta mutu ba. Tun ina budurwa damina ba ta taɓa sauka ba ni a gona ba, ba kuma a kanka zan fara ba."

Na ce na yarda. Me zan ce? Na mayar da wuƙa kube, liƙin zamani kuwa matata ta ƙare da ɗaure murfin bokiti da shi.

Daga nan ne na shiga halin da na faɗa muku da farko. Shamuwa ta zo ta sauka a kan tsamiyar unguwarmu, yara na murna suna yi mata waƙa, ni kuwa na harare ta. In iska ta juyo da la'asar, kowa ya ɗaga kai gabas yana fata, ni ma in ɗaga, amma ni fatana kada ya zo. Kuma ruwan ya yi jinkiri shekarar. Manoma suka fara damuwa, hatsi ya fara tashi a kasuwa, dabbobi suka rame. Aka yi shelar fita roƙon ruwa. Na fita da jama'a da hantsi, na juya rigata kamar kowa, na ɗaga hannu. Liman na addu'a, dattawa na kuka, amin na tashi kamar guguwa, ni kuwa tawa ta ƙi fita. Na dubi wani tsoho kusa da ni, tafin hannunsa duk kanta, kunya ta rufe ni. Na yi istigfari, na ce amin da ƙarfi har na kusa da ni ya waiwayo. Na san abin da nake roƙo, na kuma san abin da zai ɗauke mini.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar sakaliya, gabas ta yi baƙi. Muna kwance a ɗakin, ni a tabarma ita a gado, sai iska ta fara buga ƙofofi. Ɗigon farko ya faɗi a kan bututun, tas, kamar an jefa tsakuwa. Na biyu ya biyo. Kakata ba ta zabura ba wannan karon. A hankali ta buɗe ido ta ce, "Je ka kashe injinka."

Na fita na kashe. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Muka tsaya a bakin ƙofa ni da ita da matata muna kallo, feshi na taɓa mana ƙafa. Ina gani lakar da ke gaɓoɓin bututun ta fara laushi, ta fara narkewa, tana gangarowa baƙa-baƙa tana bin rairayi, tsummokaran suka saki suna lilo. Kafin magariba duk aikin nan ya wanke.

Da safe na gwada dabarata ta ƙarshe. Na ce wannan ai yayyafi ne mai hayaniya, ba ruwan shuka ba ne. Ta ce in tona mu gani. Na tona a tsakar gida, hannuna ya shige har ya wuce wuyan hannu, ƙasa na nan jiƙe. Ban gama karkaɗe hannu ba wayata ta yi ƙara, baffana ne, yana ihu don murna, wai a can ma an kwana ana yi, tafki har ya kawo.

Na kai ta. Mota zuwa Dungas, daga can amalanken shanu, ita a zaune kan ƙullin kayanta, ni rungume da ledar magunguna ina ta maimaita wa baffana wanne ne na safe wanne ne na dare, har ya ce in na ƙara faɗa zai sauke ni. Ko gida ba ta yarda an fara kai ta ba. A bakin gayaunarta ta sa aka tsaya, ta aika aka ɗauko tulun iri, ta fasa liƙin bakinsa da kanta. Baffana ya shiga gaba da sungumi. Ta cire takalmi ta taka ƙasar, ta tsaya kamar mai sauraron wani abu. Sannan ta fara, ta jefa ta rufe da diddige, ta jefa ta rufe. Ba ta yi nisa ba ta gaji, matan gida suka karɓa, ita kuma ta zauna gindin gawo tana ba da umarni, tana faɗa wai ramukan sun yi kusa da juna. Da zan tafi na durƙusa in yi mata sallama, ta shafa kaina da hannu mai ƙasa ta ce, "Tafi, mijin banza, ka bar amarya da aiki."

Na riƙa zuwa duk ƙarshen wata da magani. Ta ga gero ya tsiro, ta ga ya rufe ƙasa, ta ga ya fitar da kai. Ana cikin girbi, wata safiya, baffana ya kira ni. Kafin in isa an riga an yi mata wanka.

Na daɗe ina tambayar kaina, da na dage, da na riƙe ta kusa da likita, da ta ƙara shekara ko biyu? Har lokotoron na je na tambaya. Ya ce watakila, watakila kuma a'a, wannan ba a cikin littafinsa yake ba. Gaskiya har yau ban san amsar ba, kuma na daina nema. Abin da na sani shi ne ina sonta, kuma son nan ne ya kusa sa ni in tsare ta a ɗaki mai sanyi ina ce wa kaina kulawa ce. Yanzu in na ga wani yana fama da tsohonsa, wannan na ja nan wancan na ja can, ba na saurin cewa ga mai gaskiya. Na san duka biyun tsoro ne ke cinsu, kowa da irin nasa.

Bayan sadakar arba'in baffana ya zo Magarya ran kasuwa, da damin gero ɗaya a bayan moto. Ya sauke a tsakar gida ya ce na gayaunar Inna ne, ita ta sa aka ware shi tun zangarniyar farko da aka yanka, ta ce na angonta ne. Na tsaya ina kallon damin, a raina har na fara tunanin inda zan adana shi, wurin da ɓera da gara ba za su kai ba.

Baffana ya ce, "Akwai saƙo kuma. Ta ce in faɗa maka ci za ka yi. Ta ce ta san halinka, in ba a faɗa maka ba ajiyewa za ka yi."

Ranar matata ta sussuka, ta surfa, ta kai niƙa, ta tuƙa tuwo. Na zauna na ci, hawaye na zuba cikin miya, ban tashi ba sai da na side kwanon.